Waƙoƙin Baba da suka ƙi tashi a rediyon Inna

Shekarun baya, a wani shagon kwamfuta da ke kusa da tasha a Gaya, abin da idona ya fara sauka a kai jan lalle ne a yatsun wata budurwa, suna gudu a kan maɓallai. Ni da na cika kaina da littattafan soyayya, kafin ta amsa sallamata har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ga abin da ya kai ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan kara wayarsa a bakin rediyo ya naɗi waƙar da ta yi masa. Bayan rasuwarsa wayar ta mutu, memorin ya tsira. Na saya wa Inna ƙaramin rediyo mai cin memori, amma ya ƙi karanta ko ɗaya. Wani abokina mai tura waƙoƙi ya zuba mata irinsu tas, babu hayaniya a baya. Ta saurari biyu ta kashe.

"Waɗannan ba na Malam ba ne," in ji ta.

Budurwar ta duba ta ce naɗin wayar AMR ne, rediyon kuwa MP3 kawai ya sani. Sun haura ɗari biyu.

"To sai mu yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ko da mako guda ne," na ce, ina murna a ɓoye.

"Malam, wa ya ce maka ina da mako? Ɗan matsa, ka tare mini haske."

Ta fara kwafe komai gefe guda, ta ce ba a wasa da abin da ba shi da na biyu. Sannan ta buɗe wani baƙin allo da babu hoto ko ɗaya, ta rubuta layi uku. Ta ce umarni ne: ya bi kowane fayil ya juya shi, ya sa masa lamba yadda jerin Baba ba zai hargitse ba. Ta danna, rubutu ya riƙa zuba kamar ana sheƙe gero.

Ta kunna ɗaya don gwaji, tana cewa za ta iya rage hayaniyar da ke baya. Sai ga tari a tsakiyar kiɗan, da murya: "Ku rage surutu mana, ina naɗa."

Ta dube ni, ta janye hannunta.

"Mahaifinka ne? To ba zan taɓa komai ba."

Da yamma a garinmu Kademi, Inna ta rungume rediyon. Da aka zo wurin tarin ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Da ni yake. Ni ce mai surutun."

Har yau ina jinjina wa yarinyar nan. Ta iya aikinta, ta kuma san inda za ta tsaya. Wasiƙar da na rubuta mata mai shafi huɗu kuwa tana cikin akwatina.

Yanzu tana Ajingi da mijinta, tana koyar da 'yan mata kwamfuta. Bara muka haɗu a kasuwar Gaya, ba ta gane ni ba sai da na ce, "Ku rage surutu mana."

Ta yi murmushi. "Inna na nan? Rediyon fa?"

Na ce duk suna nan, kuma har yanzu Baba na yi mata faɗa.