Tsakiyar Rufin Motar Alhaji

Ko zan manta da komai a aikin nan, ban da Larabar da Alhaji ya kira ni saman bene a Kantin Kwari ya ce in leƙa ƙasa. Na fi shekara ashirin ina tuƙi, na yi hatsari, na kwana a hanya, amma babu ranar da ta tsaya mini a maƙogwaro kamar wannan. Ku sababbin direbobi kullum tambayarku ita ce sau nawa ake wanke babbar mota. To ku gyara zama in ba ku amsa, amma sai kun haɗa da jin abin kunyar da na tafka.

Alhaji dillalin atamfa da shadda ne, gidansa a Fagge, shagonsa a hawa na biyu a Kwari. Mu uku ne direbobinsa. Akwai mai kai yara makaranta da Hajiya unguwa, akwai mai motar kaya, sai babban direba wanda shi kaɗai ke tuƙa Alhaji. Na daɗe a motar yara kafin idon babban direbanmu ya yi rauni a ba ni kujerarsa, shekara shida ke nan da suka wuce. A watan da aka ba ni, a watan Alhaji ya sayo wata jif baƙa wuluk, sabuwa dal, wadda in ka tsaya a gefenta kana iya gyara hularka. Ranar da ya miƙo mini makulli ya ce, "Sabo, ga amana nan." Wallahi ji na yi kamar sarauta aka naɗa mini.

Wankin motocin Alhaji kuwa, mutum ɗaya ke yinsa tun kafin in zo gidan. Sunansa Baba Yohanna, dattijo ne Kirista daga wajen Zariya, yana da rumfa a wani filin wankin mota a Sabon Gari. Filin ba nasa ba ne, mai filin ya bar masa rumfar ne saboda manyan motocin da ke zuwa dominsa. Abokan Alhaji uku duk wajensa suke kai nasu. Mutum ne marar yawan magana, kayan aikinsa bokiti biyu, tawul masu laushi da yake shanyawa a igiya, da wani ɗan benci na katako da yake hawa in zai wanke rufi.

Ranar da na fara kai masa sabuwar motar, ya zagaya ta a hankali, sannan ya kira ni gefe.

"Sabo, ɗana, baƙin fenti ba ya yafiya," in ji shi. "Ka kawo ta ranar Asabar, sau ɗaya a mako ya ishe ta. Da damina in kun shiga taɓo, ka biyo in watsa mata ruwa a ƙasa. In tsuntsu ya yi mata kashi, jiƙa tawul ka ɗora har ya yi laushi ka ɗauke, kada ka bari rana ta gasa shi. Amma ƙura, ka bar ta. Kada ka taɓa goge ta da busasshen tsumma."

Na ce, "Haba Baba, motar Alhaji guda ta yini da ƙura?"

Ya ce, "Ƙura yashi ce. In tana kwance ba ruwanta da kowa. In ka ja ta da tsumma, kai ka zama mai karce."

Ya nuna mini yadda yake yi. Sai ya fara sheƙa ruwa har ƙurar ta gangare da kanta kafin hannu ya taɓa jikin motar. Bokiti ɗaya na kumfa ne, ɗayan na ɗauraye tawul, don yashin da ya ɗebo kada ya koma kan fenti. Daga rufi yake farawa ya sauko, taya ne ƙarshe, kuma a inuwa. Na gyaɗa kai kamar na ji, alhali maganar ta bi ta bayan kunnena. A raina cewa nake, tsohon nan so yake ya koya wa direba mota.

Wanda bai san zaman direba a Kwari ba, ba zai gane abin da ya ja ni ba. Ka sauke maigida da hantsi, ba za ka sake kunna mota ba sai la'asar. 'Yan dako na wucewa da diloli, masu tura kura na wucewa, ƙura na tashi tana sauka. Kai kuma kana zaune, kana tsoron kada maigida ya leƙo ya gan ka kana hamma. Shi ya sa kowane direba yake da tsummansa a aljihun ƙofa. Nawa wata tsohuwar singileti ce. Da na ga ƙura ta kwanta, sai in tashi in bi bonet da ƙofofi ina murzawa ina zagayawa, har da ɗan fito. A yini ina yi sau biyar, sau shida. Mutane na cewa, "Kai, direban Alhaji akwai tsabta!" ni kuma kaina na ƙara girma. Aikin ganin ido ne tsagwaronsa, yau na san haka.

Baba Yohanna ya lura tun a wata na biyu. Wata Asabar ya shafa ƙofa da bayan yatsa ya ce, "Sabo, kana goge ta." Na rantse masa ba na yi. Ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

A wata na huɗu matata ta haihu, 'yarmu ta fari bayan shekara bakwai muna jira. Na raba goro da alawar suna, har Sabon Gari na kai wa Baba Yohanna nasa. Ya yi murna sosai, ya sa mata albarka. Mako ɗaya bayan suna, ranar Juma'a, mun fito daga masallaci rana na tsaka, Alhaji ya tsaya cak kafin ya shiga mota. Hasken ya faɗi a kan bonet, sai ga zane-zane sirara sun lulluɓe shi, zagaye kan zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Baƙin nan mai sheƙi ya koma toka-toka.

"Sabo! Mene ne wannan? Motar da ko wata biyar ba ta yi ba?"

Na tuna kujerar da na yi shekaru ina jira, na tuna jaririya a ɗaki. Kafin in yi tunani, bakina ya riga ni.

"Alhaji, ni dai tuƙi nake yi. Mai wanki ɗaya ne ke taɓa jikinta. Kwanan nan ma na ga kamar tawul ɗinsa sun tsufa."

Innalillahi. Ko a lokacin da nake faɗa na san ƙarya nake shirgawa.

Washegari Asabar Alhaji ya ce da shi za a je wajen Baba Yohanna. Ya fito daga mota a gaban mai filin da sauran masu wanki da mutanen da ke jiran motocinsu, ya nuna bonet, ya yi faɗa irin wanda ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce tsufa ya kama Baba Yohanna, ya ce an ci amanarsa. Baba Yohanna ya matso kusa da motar. Ya sunkuya ya duba bonet, ya duba ƙofofi. Sai ya jawo ɗan bencinsa ya hau, ya daɗe yana kallon rufin motar. Da ya sauko, ni ya kalla. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma na kasa haɗa ido da shi, na shiga wasa da makulli. Na jira ya tona ni. Sai ya juya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Alhaji ya shiga mota ya ce mu tafi, kuma daga ranar ba a sake kai wa Baba Yohanna ko keken gidan ba. Labari a Kwari ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo, abokan Alhaji uku sun janye nasu motocin.

Aka kai jif wajen masu fenti suka bi ta da inji har sheƙinta ya dawo, suka gargaɗe mu cewa fenti ba ya jure irin wannan gyaran sau da yawa, don kowane gyara cin fatarsa yake yi. Aka koma wani wajen wanki na zamani. Na ajiye tsummana kamar mako biyu. To amma hannu ya saba, kuma abin da zai ba ku mamaki, na maimaita ƙaryar nan har na fara yarda da ita. Na ce wa kaina wataƙila dai tawul ɗin tsohon ne. Na sayi sabon tsumma mai laushi na koma gidan jiya.

Bayan wata biyar zanen ya dawo. A Larabar da nake ba ku labari, ina cikin murza ƙofar baya da azahar, sai na ji muryar Alhaji daga sama: "Sabo, hawo." Na same shi a baranda shi kaɗai, ya dafa ƙarfe. Ya ce, "Leƙa motar nan ka faɗa mini abin da ka gani."

Ban taɓa ganin motar daga sama ba. Bonet ya dushe, gefen rufi ya dushe ta ko'ina, amma tsakiyar rufin, wani fili mai tsawo kamar darduma, yana ta ƙyalli kamar ranar da aka sayo ta. Kun gan ni dai, Allah bai ba ni tsayi ba. Iyakar inda hannuna ke kaiwa in na yi ɗage, nan zanen ya tsaya.

"Mai wanki benci yake hawa, rufin duka yake wankewa," in ji Alhaji a hankali. "Da shi ne, da tsakiyar ma ta karce. Wane ne hannunsa ba ya kaiwa tsakiya, Sabo?"

Tsumman yana hannuna. Na so bene ya tsage in faɗa. Na durƙusa na faɗi gaskiya duka, har da gargaɗin da Baba Yohanna ya yi mini tun ranar farko. Na ɗauka zai karɓi makulli. Da ya karɓa ma da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Ka sa na ci mutuncin dattijo a gaban jama'a. Fenti ana sakewa. Tashi mu je."

A filin Sabon Gari muka tarar da wani a rumfarsa. Mai filin ya ce tunda manyan motoci suka daina zuwa ya ba wa wani wurin. Da kwatance muka same shi a bakin titi wajen tashar jirgin ƙasa, wando a naɗe, yana wanke adaidaita sahu da ruwan jarka. Mutumin da manyan Kwari ke bin layi a wajensa! Kuma ko a nan da bokiti biyu yake yi.

Alhaji ya fito ya ba shi haƙuri da bakinsa, ya ce zai yi wa mai filin magana, zai kuma gaya wa abokansa gaskiya. Baba Yohanna ya yi godiya, ya ce ba ya riƙe da kowa, amma ya riga ya gaya wa 'ya'yansa zai koma gida bayan kaka, gwiwoyinsa sun gaji. Ni na tsuguna a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Ranar nan da ka hau benci, ka gani ko?"

"Na gani."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya matse tawul ɗinsa ya ce, "Goron sunan 'yarka yana aljihuna a ranar, ban gama cinye shi ba. In na faɗa, Alhaji korarka zai yi. Na ce bari in ba ka kwana biyu, za ka faɗa da kanka." Ya ɗan yi murmushi. "Na yi ta jira."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi. Wata biyar yana jira, ni ina can ina fito ina goge mota. Hawaye ya zubo mini a gaban masu adaidaita, ban ko iya sharewa ba. Shi kuwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya jaririyar? Ta fara koyon zama?"

Alhaji ya cika alkawari, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ya wanke sunan Baba Yohanna, ya kuma yi masa alheri. Amma rumfar ba ta dawo ba, shi ma bai fasa tafiya ba. Ranar da zai tafi na kai shi tasha. Ya bar mini ɗan bencin nan, ya ce ni na fi shi bukatarsa. Shi ne kuke gani a garejin gidan Alhaji, wanda na hana kowa zama a kai.

To ga amsarku. Babbar mota sau ɗaya a mako ake wanke ta, da ruwa mai yawa, a inuwa, daga sama zuwa ƙasa. Taɓo da kashin tsuntsu ba sa jiran Asabar, amma ƙura tana jira. In maigida ya ce mota ta yi ƙura, ku faɗa masa dalili, kada ku ɗauki tsumma don a ce kuna aiki. Masu wankin nan da kuke rainawa sun fi ku sanin jikin motar da kuke tuƙawa, kuma ba su da abin da suka mallaka a sana'ar sai sunansu. In kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar, tun kafin wani ya ɗauke muku ita. 'Yata yanzu tana aji ɗaya a firamare, kuma duk safiyar da na ga ta saɓa jaka, na san da rumfar wa aka saya mini aikin da nake ciyar da ita.