Inda Aka Haifi Sodangi

Sodangi ɗan Usmanu mutumin Burkusuma ne, manomi, kuma magini rumbu. In kaka ta gabato har daga Tsamaye ake aiko masa, ya je ya kwaɓa laka da ramno, busasshiyar ciyawar gini, ya ɗora wa mutum rumbu mai ƙaton ciki wanda zai daɗe bai tsage ba. Dogo ne, da tsagar Gobirawa a kumatu, kuma ba ya da yawan magana. Gida ɗaya suke da ƙanensa Halliru, tukunya ma ɗaya: shi da matarsa Jamilatu da 'ya'yansu, Halliru da matarsa Fatu mai tsohon ciki. Iyayensu sun rasu, don haka duk abin da ya taso a gidan, Sodangi ake kallo.

A shekarar da aka canza kuɗi aka rufe iyaka, ruwa ya ƙi. Daman daminar da ta gabata ba ta yi wani abin kirki ba. Aka yi shuka ta bushe, aka sake, ta fito ta kai gwiwa ta tsaya, rana ta ƙone ta a tsaye. Wanda bai girbe komai ba ba ya neman rumbu, sai sana'ar Sodangi ta mutu tare da gonarsa. Jamilatu da Fatu suka koma shiga daji suna tsinko tafasa da 'ya'yan hanza, su jiƙa su yi ta canza ruwa har ɗacin ya ragu, su dafa wa yara. Maza suka fara ficewa, wasu Gusau, wasu Funtuwa. Daga arewa kuma, ɓangaren Nijar da tsofaffi ke kira Faransa, mutane na ta ɓullowa ta hanyoyin daji da ƙunshinsu a ka, suna yin kudu.

Cikin wannan hali Alhassan ya zo gida duba mahaifiyarsa. Abokin wasan Sodangi ne tun suna yara, ya daɗe a Jidda yana 'yan saye-saye. Ya ga yadda gidan ya koma, ya ja Sodangi gefe ya ce masa akwai wani Balarabe mai gonar dabino da ya ce ya samo masa mutum ɗaya mai amana wanda ya san ƙasa da ruwa. Zai biya jirgi, zai ba da wurin kwana, albashin kuma zai riƙe gida biyu. Abin da ake buƙata kawai fasfo, kuma dole a same shi kafin Alhassan ya koma, bayan Mauludi.

Sodangi bai taɓa riƙe wata takarda mai sunansa ba in ban da ta haraji. Amma bai tsaya tunani ba. Ya kai jakinsa kasuwar Sabon Birni ya sayar a wulaƙance, domin kowa sayarwa yake yi, ba mai saye. Ya karɓi takarda wurin dagaci, ya kai wa hakimi, ya wuce Isa, wadda a lokacin ita ce hedikwatar ƙaramar hukumarsu, aka ba shi shaidar cewa ɗan yankin ne. A nan Isa ya ɗauki hoto. Mai hoton ya yi ta ce masa ya ɗaga kai ya saki fuska, shi kuwa yunwa ce ta hana. Alhassan ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Da komai ya haɗu, ya hau bayan mota zuwa Sakkwato.

A ofishin fasfo ya tarar da layi har waje. Da aka zo kansa, wani ma'aikaci mai farin gilashi ya karɓi takardunsa ya duba, ya soma yi masa tambayoyi yana rubutawa. Suna, sunan uba, sana'a. Sannan ya tambaye shi inda aka haife shi.

"Wani ƙauye na kusa da Tsibiri, ranka shi daɗe," in ji Sodangi. "Ni na ɗan fari, inna ta tahi gidansu haihuwa. A goye anka maido ni Burkusuma."

Ma'aikacin ya ajiye biro. "Tsibiri ta Nijar?"

"Ita. Amma sa'ad da anka haihe ni ba mu san da wata iyaka ba. Kasuwarmu guda."

Mutumin bai yi masa tsawa ba. Ya yi masa bayani a hankali cewa wanda aka haifa a waje yana iya zama ɗan ƙasa in ubansa ɗan ƙasa ne, amma sai an tabbatar. A wannan shekarar, in ji shi, mutane da yawa na shigowa daga can, tsagarsu ɗaya da ta mutanen nan, harshensu ɗaya, kuma an umarce su su tsananta bincike. Ya ce Sodangi ya koma ya samo dattawa biyu da suka san an haifi ubansa a Burkusuma, su rantse a gaban alƙali, ya kawo takardar rantsuwar.

Da ya fito, wani direba da ke bayansa a layi ya bi shi ya ce masa ai da cewa ya yi Burkusuma, wa zai sani? Sodangi ya tsaya yana kallonsa. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa amsar tana da wani nauyi ba. Ya koma ciki, ya jira har mutane suka ragu, ya durƙusa gaban teburin ya roƙi a gyara, a rubuta Burkusuma, tunda can ya yi rarrafe, can ya yi kaciya, can uwayensa suke kwance. Ma'aikacin ya ce ya riga ya ji kuma ya riga ya rubuta, ba zai iya yin kamar bai ji ba. Ya ƙara da cewa in ya kawo shaidun ba zai riƙe shi ba ko na yini ɗaya.

A kowace shekara in ba wannan ba, dattawa biyu ba abin wahala ba ne a Burkusuma, suna nan zaune gindin itacen bedi a ƙofar masallaci. Yanzu gindin bedin ba kowa. Wasu sun mutu tun farkon wahalar, wasu 'ya'yansu sun kwashe su sun yi kudu. Dagacin kansa Sodangi ya girme shi, ba zai iya rantsuwa kan haihuwar Usmanu da aka yi tun kafin shi ya zo duniya ba. Da aka zauna aka lissafa, mutum biyu suka rage da ake da labarin inda suke: Larai, yayar Usmanu da ke aure a Tsamaye, da wani tsoho Na'Allah wanda aka ce an gan shi a Isa tare da ɗiyarsa.

Ya tafi Tsamaye a ƙasa. Ya sami gwaggo Larai kwance a ɗaki, ƙafafunta sun kumbura. Hankalinta garau yake. Ta ce ta tuna haihuwar Usmanu sarai, ita ce ma ta fara goya shi, kuma za ta rantse ko a gaban wa, amma ba ta iya ko kaiwa bakin ƙofa. Sodangi ya yi ta zagaya gari har wani mai amalanke ya yarda ya kai su bakin hanya. Daga nan ya roƙi masu mota, ya rungume ta a cinyarsa har Isa, ya sauke ta gidan wata mai fura 'yar garinsu.

Na'Allah kuwa a bayan kasuwa ya same shi, cikin rumfunan da baƙin yunwa suka mamaye. Tsohon ya rame har Sodangi ya wuce shi bai gane ba, sai da ɗiyar ta kira sunansa. Ya tsuguna ya yi masa bayani da ƙarfi, don kunnen ya yi nauyi. Na'Allah ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Usmanu na sani. Tare munka yi kiwon awaki. Za ni in hwaɗa ma alƙali." Sai ya miƙo hannu. "Ɗana, ba ka zo da ɗan abin taɓawa ba?"

Sodangi ya je ya sayo masa garin rogo da ƙuli, ya jiƙa masa da hannunsa.

Washegari ya je kotu, aka ce alƙali ya tafi ta'aziyya garinsu, sai mako mai zuwa. Ya zauna a Isa yana jira da tsofaffi biyu a wuyansa. Da safe ya yi dako a tasha, abin da ya samu ya raba, rabi gidan mai fura, rabi bayan kasuwa. Kuɗin jaki ya ƙare. Cikin kwanakin nan wani ɗan garinsu ya kawo masa saƙon Jamilatu cewa ƙaramar 'yarsu Maryamu na zawo, ba ta riƙe komai a ciki, kuma Fatu ta haihu, namiji, amma nono bai zo ba. Bai koma ba. Ya ce in ya tafi ya bar tsofaffin nan, duk wahalar ta tashi a banza.

Ranar da aka ce alƙali ya dawo, ya yi sammako zuwa bayan kasuwa don ya ɗauko Na'Allah. Ya tarar an rufe shi da zane, ɗiyar na zaune kusa da shi. Ta ce da asuba ya cika. Sodangi na cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Bayan an rufe shi ya ɗauki Larai a baya ya kai ta kotu, ta rantse, aka rubuta. Ya roƙi alƙali ko shaidarta ita kaɗai za ta wadatar. Alƙalin ya ce shi zai rubuta abin da ya ji daga bakin mutum ɗaya, amma ba zai iya mayar da ɗaya biyu ba.

Ya mayar da Larai Tsamaye ya koma gida. Watan Mauludi ya riga ya kama. An ce akwai wani sa'an ubansa a wajen Ƙauran Namoda, wani kuma ya ce a'a, Zariya ya yi. Alhassan ya zo har gida ya ce ba zai iya ƙara jira ba, in ya wuce lokacinsa shi ma aikinsa zai tafi. Sai ya tambaya, cikin jin nauyi, shi Halliru a ina aka haife shi. Jamilatu ta nuna ɗakin da ke kusa da turken da babu jaki a kai. A nan ne.

Da la'asar Sodangi ya sami ƙanensa a bakin rijiya yana jiran ruwa ya taru. Halliru bai taɓa wuce Shinkafi ba, yana da in'ina, kuma ko suna ba a daɗe da yi wa ɗansa ba. Ya ce shi ba zai iya ba, bai san yadda ake magana da manya ba, balle Larabawa.

"Yaya, kai anka kira. Ni in na tahi ɓacewa za ni yi."

"Ba ka ɓacewa, Alhassan na tare da kai," in ji Sodangi. "Halliru, dubi gidan ga. In wani bai tahi ba, ba mu kai damina. Ni sun hana ni. Fatu da yaron ga suna hannuna, abin da ɗiyana sunka ci shi za su ci."

Halliru ya sunkuyar da kai yana kuka ba sauti. Sodangi ya karɓi gugar daga hannunsa ya ci gaba da jan ruwan.

Jamilatu ta ba da tasoshin aurenta aka sayar. Sodangi ya raka ƙanensa duk inda shi ya bi, dagaci, hakimi, Isa, mai hoto, har Sakkwato, ya tsaya a waje. Ba a daɗe ba fasfon Halliru ya fito. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Sodangi, amma shi ba wanda ya nemi ya kawo shaida. Suka tafi Kano da Alhassan suka hau jirgi.

Saƙon farko bai iso ba sai da bazara ta yi nisa. Kafin nan Maryamu ta rasu. Jaririn Fatu ya rayu da kunun da Jamilatu ke tace masa da ɗan nonon akuyar maƙwabta. Sodangi ya yi watanni yana zuwa Shinkafi yana sayar da ruwa a garwa, ya dawo ƙarshen mako da abin da ya samu a ƙulle a bakin riga. Rannan sai ga ƙanen Alhassan da buhun masara a bayan babur, ya ce Halliru ne ya aiko. Jamilatu ta ce Sodangi ya daɗe zaune a kan buhun kafin ya bari a kwance shi, kuma sai da ya ɗebi kwano ya aika Tsamaye. Ɗan aiken ya dawo da masarar, Larai ta riga ta rasu.

Da damina ta zagayo ruwa ya sauka. Da kuɗin Halliru aka sayi iri, Sodangi ya nome gonarsa da ta ƙanensa shi kaɗai. Mutanen da suka tafi suka soma dawowa, ciki har da tsofaffin da za su iya yi masa shaida. Wasu suka ce ya koma ya ƙarasa neman fasfon, ko don hajji wata rana. Ya ce to, amma bai koma ba.

Halliru ya daɗe a can fiye da yadda kowa ya zata. Yana aike, wani lokaci a kan kari, wani lokaci shiru mai tsawo. Ɗansa Amiru ya tashi yana kiran Sodangi baba, shi ya kai shi makaranta, shi ya koya masa riƙon hauya. Da Halliru ya dawo gaba ɗaya, da furfura da ciwon baya, yaron ya gaishe shi kamar baƙo, ya koma bayan Sodangi ya tsaya. Sai da Sodangi ya yi ta tura shi kai wa uban abinci da ruwan alwala kafin suka saba.

Sodangi ya rasu a Burkusuma bayan gajeriyar jinya, Halliru na riƙe da kansa. Fatu, wadda ta ba ni yawancin wannan labari, ta tsufa yanzu, tana zaune wurin Amiru a Sabon Birni. Ta ce a duk tsawon shekarun da mijinta ba ya nan, ba a taɓa zuba wa 'ya'yan Jamilatu abinci ba sai an fara zuba wa nata, kuma ba ta taɓa jin wa da ƙanen sun zauna sun yi hirar waccan shekarar ba.