Ranar da Na Kwashe Gayyar Inna Na Kai Hanya

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga rayuwata, zan goge ranar da na karkatar da gayyar wata tsohuwa zuwa aikin hanya. Na daɗe ina riƙe da maganar nan a ciki, yau na ce bari in amayar da ita.

A lokacin na ajiye aiki ke nan. Hedima ne ni na leburorin hanya a En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani. Karatuna bai wuce elementare ba, amma na san yadda ake fafe gefen hanya, a zuba marmara, a daddaɓe. Na dawo ƙauyenmu da ke gefen Kutama da kekena da usur ɗin aiki, ba a daɗe ba zama ya ishe ni. Ga ƙarfi a jiki, ga ba abin yi sai hira a gindin durumi. Zamanin nan kuwa gyaɗa ce komai, amma mota ba ta shigowa garinmu. Sai dai a ɗora wa jakuna buhuna a nufi Gwarzo, jaki ya durƙushe a yashin rafi, mai shi yana ja yana zagi. Ina ganin haka na ce ga aikin da Allah ya dawo da ni gida in yi, kyauta, ba don kowa ya biya ni ba. Murna ta hana ni sukuni. Na je wurin mai gari ya sa albarka, amma ya ce in bari a gama cirar gyaɗa tukuna. Ban ji ba. Tunanina na ma'aikacin hanya ne: damina na ƙarewa, ƙasa na da sauran laima, in ta bushe diga ba za ta shige ta ba. Na manta cewa laimar nan ita ce mai gyaɗa ma yake tsere da ita.

Akwai maƙwabciyarmu, ƙawar mahaifiyata, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna aure nesa, gonar gyaɗa ɗaya ce cinta da suturarta. Ta riga ta aika wa sarkin samari goron gayya, an tsayar mata da Laraba. A wurinmu in an karɓi goro, ranar ta zama ta mai goro, ba mai taɓa ta. Na sami sarkin samari na ce a juya gayyar zuwa hanya. Ya yi dariya ya ce Baba Hedima, goron da aka riga aka tauna ina zan samo shi in mayar? Na ce gyaɗar Inna ba ƙafa gare ta ba, tana nan a ƙasa kamar an ajiye ta a rumbu. Na yi ta kwatanta masa mota tana shigowa har ƙofar gidansu, har ya amince.

Ban taɓa ganin rana mai daɗin wannan Larabar ba. Makaɗin noma ya goce da kiɗa, samari suka jeru da diga da fartanya, ina busa usur suna amsawa da ihu. Wannan unguwa na gasa da waccan, ana yi wa masu ƙiba tsiya cewa tumbinsu ne zai daddaɓe hanyar. Har dattawa suka tuɓe riguna. Da rana ta take sai ga ƙoren fura an kawo, ashe wadda Inna ta daka don gayyarta ce, ta ce a kawo mana kada ta lalace. Na sha, har na yaba damunta. Aikin ya yi daɗi ya ƙi tsayawa, yau mu ce gobe za a je wa Inna, gobe mu ce sai an haye rafi. Muna cikin haka ruwa ya ɗauke.

Da muka je gonarta ƙasa ta zama dutse. Ka ja gindi, harawa ta taho, 'ya'yan su tsinke a ƙasa. Muka koma tono da fartanya, wata gyaɗar ta fashe, wata gara ta riga mu. Masu ƙarfi sun cire tasu da yamma bayan an tashi daga hanya, Inna ce kaɗai ba ta da kowa sai mu.

Ranar da mota ta fara shigowa gari ya ruɗe. Mata na guɗa, direba na danna oda, ni ina gaba kusa da shi, ji nake kamar ba a taɓa yin mutum irina ba. Aka loda buhuna har sama. Muna fitowa daidai gonarta sai ga Inna a bakin hanya da ƙwarya a kai, ɗan abin da ta kalato ke nan. Na sa aka tsaya. Ta yi mini sannu da aiki, ta ce hanya ta yi kyau. Sannan cikin murmushi ta ce, ɗana, tambayar mini direba ko motarsa tana ɗaukar ƙwarya, don ni bana ba ni da buhu. Guɗar ta tsaya cak. Na sauko, ban sake hawa motar nan ba.

Shekarar nan daga rumbuna Inna ta ci. Ta karɓa, amma ta faɗa mini cewa tunda aka haife ta ba ta taɓa jiran hatsin wani gida ba sai da hanyata ta zo. Na nemi gafara, ta yafe. Kowace kaka bayan nan ni nake fara isa gonarta, har Allah ya karɓi abarsa. Hanyar tana nan ana bi, ana sa mini albarka, ni kuwa in na zo daidai wurin nan sai in kau da kai.

Ku da kuka ajiye aiki kuka koma gida da niyyar taimako, ku yi, akwai lada, akwai daɗi. Amma ina roƙonku, kafin ku busa usur ku tambayi mutanen gari yaushe ya dace, ku kuma duba ko ranar da kuka zaɓa tana da mai ita. Kada ku sha furar wani a kan aikinku kamar yadda na sha ta Inna.