Sai Yaro Ya Ce a Cire Hannu

Kafin yara su iso, Baban Katifa ya riga ya buɗe tagogin zauren motsa jiki, ya share ƙasa, ya jera katifu yana tattaka kowace don ya ji inda ta lotsa. Yaran ne suka raɗa masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. A zauren nan ya yi furfura yana koyar da alkafura, amma ko kofi ɗaya ba ya ɗauke da sunansa.

Ni shaida ce, don 'yata Auta ta bi ta hannunsa. A inda ta fara koyo, tana tsakiyar alkafura malaminta ya zare hannun da ya tallafe bayanta da shi a ɓoye, wai don ya nuna mata ta iya. Ta wuya ta sauka. Wuyan ya warke, tsoron ya zauna daram. Yarinyar da har a kan gadona take juyi, sai ta tsaya bakin katifa, ta kaɗa hannuwa, ta ƙame. Ta ce da ni ta haƙura da wasan, ranar zuciyata ta yi zafi ƙwarai.

Da na lallaɓa ta na kai ta wurin Baban Katifa, bai yi mata wa'azin jarumta ba. Tafinsa ya ɗora a bayanta ya ce, "'Yata, wannan hannun ba ya motsi sai kin ce a cire. Ko shekara ce, yana nan."

Ni da gajen haƙuri, ina kan benci ina cika ina batsewa. Sa'o'inta sun wuce gaba, ita kullum da hannu a baya.

"Baba, wai yaushe za ka sake ta?"

Ya yi dariya. "Maman Auta, ai ba ni ke saki ba. Ita za ta sallame ni."

Wata rana da hantsi, ba gasa ba 'yan kallo, na ji muryarta ƙasa-ƙasa: "Baba, cire." Ya ja da baya. Ta tashi, ta juya, ta dira a kan ƙafafunta. Ni na yi kuka, shi kuwa gyara katifa ya shiga yi.

Baba, kai ne ba ka taɓa yi wa yaro ƙarya don ya yi sauri ba. Kai ne mai tsayawa har kafaɗa ta sage. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai da iyaye, mu yi koyi: kada mu zare hannu a ɓoye.

Yanzu gwiwoyi sun sa ya ajiye aiki, Auta ce ke jera katifun. Ranar ban kwana, da zai sauka matakala yana dogarawa, ta ɗora tafinta a bayansa.

"Ke, zan iya," in ji shi.

"Na sani, Baba. Amma ban ji ka ce a cire ba."

Bai ce ba, har suka kai ƙasa.