Rabin Hoton Atu

Duk wanda ya taɓa buga fosta a Tambuwal ya san Jamaluddeen, wanda ake ce wa Jamalu Mai Hoto. Shagonsa na bakin titin Sakkwato, tsakanin mai faci da mai shayi: kwamfuta ɗaya, firinta biyu, da janareta mai yawan tari. Katin biki, kalandar Islamiyya, fostar mai neman kansila, duk aikinsa ne. Da wayar aro ya fara, bai jira kowa ya ɗauke shi aiki ba.

Mahaifinsa Bahaushe ne, manomin Jabo. Mahaifiyarsa, Inna Mu'minatu, Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Fakku. Ɗan yayanta Attahiru, mai sayar da raguna, wanda kowa ke kira Atu, shi ne taubashin Jamalu. Ɗan mace da ɗan namiji kuwa, zagi shi ne gaisuwarsu. Duk ranar kasuwa sai Atu ya faka babur a ƙofar shago ya ɗaga murya.

"Ina bawana? Taho ka goge takalmin ubangidanka!"

"Kai, wa yas sake ka daga turke?" Jamalu zai amsa, yana miƙa masa shayi.

A shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutane sakat, sai faɗan ya koma cikin waya. Wannan ya ce shi Hausa zalla ne, wancan ya ce shi Fulani zalla ne, kowa na ɗora wa ɗan uwansa laifin jinin da ake zubarwa. Abin ya ba Jamalu haushi da dariya a haɗe. Shi da wane rabi zai yaƙi ɗaya rabin?

Sai ya haɗa hoto gida biyu. A dama ga shi riƙe da fartanya, ya rubuta: "Shugaban Hausa Zalla. Uwarsa Bafulatana ce." A hagu ga Atu, sanda a kafaɗa, ya murtuke fuska da gangan: "Shugaban Fulani Zalla, reshen Fakku." A ƙasa da ƙananan baƙi: "Mambobi: shi da ragonsa." Ya tura a zauren dangi na cikin waya, mutum ashirin da uku. Aka sha dariya. Atu ya turo murya yana rantsuwa zai rama.

Har yau ba a san wanda ya fitar da hoton ba, ba a kuma san wanda ya yanke shi ba. Jamalu dai ya gan shi a zauren 'yan kasuwa, babu fartanya, babu zancen rago. Fuskar Atu ce kawai da sanda da layin farko. An mayar da shi sitika. Aka kai hari wani ƙauye, sai wani ya manna shi a ƙarƙashin labarin. Aka sace mutane a hanya, aka sake mannawa. Jamalu ya fara bin zaure zaure yana ƙirgawa. Da ya kai arba'in ya daina.

A teburin mai shayi aka yi ta musu. Malam Nasiruddeen, malamin firamare, ya ce, "Haba, hoto kawai na fa! Wanda yay yi shi wasa yaka nufi, kuma 'yan ƙabilancin yaka wa ba'a. Ina ƙiyayya a nan?"

Jamalu ya ji daɗin maganar, ya kai ta gida. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Wasan taubasai gaba da gaba aka yi nai," ta ce. "Ka zagai, shi rama, ku ci tuwo. Waɗanga da ka dariya yanzu, wa Atu zai rama ma?"

Ana gab da Layya, lokacin da mai raguna ke samun abin da zai riƙe gidansa shekara, 'yan sa-kai suka tare Atu a hanyar Kebbe. Ɗayansu ya duba waya, ya dubi fuskarsa. Suka sauke shi, suka zaunar da shi a rana suna tambayarsa sunayen mambobin ƙungiyarsa. Sai da hakimi ya sa baki suka sake shi. A kara kuma, wato kasuwar dabbobi, dillalan da suka san ubansa suka juya masa baya. Babu mai son a gan shi yana ciniki da mutumin cikin hoto. Raguna goma sha huɗu ya kawo, goma sha huɗu ya mayar.

Ranar da Atu ya zo shago bai ɗaga murya ba.

"Jamalu, kai kay yi shi. Goge shi."

"Na goge nawa."

"Na sauran mutane fa?"

Jamalu ya dubi kwamfutarsa. Ya iya cire tabo daga fuskar amarya, ya iya sa wa ɗan takara taron da bai taɓa tarawa ba. Wannan bai iya ba.

Ya dai gwada. Ya wallafa cikakken hoton, da dogon bayani cewa wannan ɗan kawunsa ne, mai sallah, mai sana'a, bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba. Mutum sittin da ɗaya suka gani. Na farkon da ya amsa, sitikar ya manna. Na biyu ya rubuta: "Ashe jininsu ne kai ma." A makon aka janye masa aikin kalanda biyu.

Bayan kaka Atu ya sayar da abin da zai sayu, ya kwashe iyali ya yi kudu, can wajen Kwara, inda yake zaton babu wanda ya san shi. Inna ba ta yi wa Jamalu faɗa ba. Ta dai daina ambaton Fakku a gabansa.

Jamalu na nan a shago, yana buga katin biki, ba ya ƙara rubuta komai a ƙarƙashin hoton kowa sai abin da aka ce ya rubuta. Sau ɗaya Atu ya kira shi. Jamalu ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi kasuwa.

"Ban shiga ba tukun," in ji Atu. "A tasha wani yaro yan nuna ni ga abokinai. Hoton ya riga ni isowa."