Mutumin da Aka Bari a Tsibiri

A shagon tura fina-finai na tashar Birnin Kudu, wani dattijo yana tsaye riƙe da waya mai tsagaggen gilashi. Hularsa ta koɗe, baƙin mai ya kama faratansa. Jamaluddeen, wanda ke jiran shagon, yana zaton direban Gwaram ne da ke rage zafin jiran lodi da kallo.

Ƙorafin dattijon kan fim ɗin Baikin ne, Turawan zamanin da masu jiragen ruwa da gatari.

"Malam, wannan aiki ne? Sun bar ɗan'uwansu a tsibiri, sun ce za su dawo, sai ga shagali, fim ya ƙare! Ina Dogara? Shi yake ƙarasa min irin wannan."

Jamaluddeen ya san halin amininsa Dogara: ƙirƙiro ƙarshe yake yi, don kada mutum ya tafi da damuwa.

"Dogara ya rasu, Baba."

Dattijon ya jefa wayar aljihu, ya buɗe tafukansa, ya daɗe yana addu'a. Ya shafa, amma bai tafi ba.

"To, na tsibirin fa?" ya tambaya a hankali.

Jamaluddeen ya dube shi.

"Sun koma sun ɗauko shi, Baba."