Ilya Bahago da Bindigar Surukinsa

Ilya Salifu bahago ne tun haihuwa, amma sai da ya haura shekara sittin kafin ya yarda a faɗi haka a gabansa. A Damagaram muka tashi, a lakwal, wato makarantar Mishan, ina gaba da shi da aji biyu. Har yau ina ganin ajin nasu: bencin katako mai ramin tawada, taga mai kallon bishiyar maina, da Mushe, malamin ajin, yana zagayawa hannu a baya. A wancan zamani, yaron da ya ɗauki alƙalami da hagu, ɗaure masa hannun ake yi da ƙyalle har a tashi. 'Yan Mishan da iyayenmu sun saɓa a kan abubuwa da yawa, amma a kan hannun hagu bakinsu ɗaya ne. Abin da Mushe ya fara da safe, kakar Ilya ce ke ƙarasa shi da maraice a bakin akushi.

Haka ya koyi yin komai da dama. Rubutunsa ya fito a karkace, shayi yana zube masa, kofi yana suɓuce masa. Aka ɗauke shi mutum mai sakin hannu, shi ma ya ɗauki kansa haka. Ya zo Lyon karatun kimiyya, ya sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha, ya zauna a unguwar La Guillotière bai ƙara tashi ba. Matarsa Huraira ƙanwa ce ga Alhaji Abdul'aziz, wanda ya daɗe yana aiki a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris kafin ya zauna a Sevran, a gefen Paris ɗin. Alhaji ne ya sauke Ilya a ɗarinsa na farko a Faransa, shi ya ba shi rigar sanyi, daga baya shi ya ba shi mata. Ban taɓa jin Ilya ya musa masa ko da a kan zancen ƙwallo ba.

Bayan ya ajiye aiki, wani tsohon abokin aikinsa ya ja shi kulob ɗin harbi a bayan gari, inda ake harbin takarda mai baƙin da'ira a tsakiya. Aka ara masa ƙaramar bindigar hannu. Ya riƙe da dama kamar kullum, harsashi ya watse ko'ina a takardar. Dattijuwar da ke koyarwa ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaukar kwalin harsashi da yadda yake gyara tabarau, sai ta ce ya mayar da bindigar ɗaya hannun. Ya ce mata a wurinsu ba a yin haka. Ta ce a wurinta ana yi. Ya juya tsayuwa, ya ɗaga hagu, ya harba. Ramukan suka taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su.

Ya kira ni a waya ranar, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Yaya, ashe hannuna lafiyarsa lau. Ajiye shi kawai aka yi."

Ya bi ƙa'ida yadda take: ya shiga kulob, likita ya duba shi, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli, ya jira izinin hukuma. Sai zancen zaɓen bindiga. Na je Lyon a lokacin, muka zauna a wani gidan shayi kusa da layin taram, jirgin cikin gari, ya yi mini bayani kamar mai karatun gwaji. Ba ya son babba. Harsashinta tsada, kuma mai kuɗin fansho da ke son harbi kowane mako ba zai jure ba. Wadda ake kira ashirin da biyu yake so, mai ƙaramin harsashi, wadda ba ta dukan hannu, ƙararta kuma kamar an fasa busasshen kara. Yana son wadda ba ta cijewa ko an ba ta harsashi mai araha, wadda zai kwance ya goge da kansa, mai kunama mai laushi. Tsohuwa ma ta yi, in dai cikin bakinta bai ci ba. Abu ɗaya ne ya rage, wato mariƙi. Irin waɗannan bindigogi ana sassaƙa mariƙinsu da siffar hannu, kamar takalmi, akwai na dama akwai na hagu.

Labari ya kai Sevran ta bakin Huraira. Alhaji shi ma tsohon ɗan kulob ne, amma idonsa ya yi rauni ya daina. Ya aika a kira Ilya, ya zo tare da Huraira, ni kuma da nake Bobigny kusa da su aka kira ni in zama shaida. Bayan mun ci shinkafa da miyar kuɓewa, an yi la'asar, Alhaji ya buɗe akwatinsa ya fito da ita. Ƙirar Jamus ce, mariƙinta na katako mai duhu ya sha hannu har yana sheƙi. Ya duba ya nuna mana babu harsashi, sannan ya miƙa.

"Ilya, ga ta. Ba sai ka je kana yawon kantuna ba. Gobe mu je wurin dillalin makamai a mayar da ita sunanka. Ba ta taɓa cije mini ba."

Ilya ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya mai tsawo. Ya riƙe ta da dama, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Duk abin da ya lissafa mini a Lyon yana jikinta, har da ƙari.

"Yaya Alhaji, Allah ya saka da alheri. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka yarje mini in sa a canza mariƙin, a sa na hagu."

Alhaji ya dube ni, ya dube shi. "Na me?"

"Na hagu. Da shi nake harbi."

"Kai, Ilya! Da furfurarka? Hannun tsarki za ka ɗora wa bindigata? Wannan mariƙin a kan hannuna aka gyara shi. In ka ɗauka, ka ɗauka yadda take. Koyo ne, ka koya da dama kamar kowa."

"Na koya, Yaya Alhaji. Tun ina yaro nake koyo. Kofunan gidan nan nawa na fasa?"

Huraira ta yi dariya daga ƙofar madafa, ta kama bakinta. Alhaji bai yi ba.

"Wata Bafaranshiya ta faɗa maka magana ɗaya, ka watsar da tarbiyyar iyayenka. Malam, ka ji fa," ya juyo gare ni.

Na ce ni dai ban san wani hukunci a kan hannun harbi ba, amma ba a tambaye ni don a ji amsa ba.

Ilya ya ce, "Da dama nake ci, da dama nake gaisawa, da ita na riƙe wannan yanzu, kuma haka zan mutu. Wannan na addini ne da ladabi, ban taɓa shi ba. Amma takardar da nake harbi ba ta san dama ba, ba ta san hagu ba. Abu ɗaya na samu a duniya da na iya, sai a ce in koma in yi shi da hannun da bai iya ba?"

"To, kyautata ce ka ƙi."

"Ban ƙi kyautarka ba. Sharaɗin na ƙi."

Ya ajiye ta a kan tebur a hankali, bakinta yana kallon bango. Na san Ilya shekaru masu yawa, ban taɓa ganin ya ajiye abu da natsuwa haka ba. Alhaji ya mayar da ita akwati ya kulle, ya ce a gaida mutanen Lyon. Muka hau jirgin ƙasa tare, a hanya muka rabu.

Ya sayi tasa a wani ƙaramin kanti a Lyon, tsohuwa, ƙirar Italiya, baƙinta ya koɗe a gefe. Wani bahago ne ya sayar da ita saboda tsufa, don haka mariƙin ya zauna a hannun Ilya ba gyara. Ba ta kai ta Alhaji kyau ba, shi da kansa yana faɗa. Bai ci wata gasa ba, ba ya ma shiga. Kowace Alhamis yakan ɗauki jakarsa ya tafi, ya dawo ya goge ta a kan tsohuwar jarida.

Alhaji bai sake kiransa ba. Da Salla Ilya ya kira, aka gaisa gaisuwar baƙi, aka kashe. Abin yana damunsa, na sani, domin yakan tambaye ni lafiyar idon Alhaji. Amma bai taɓa cewa in je in ba da haƙuri a madadinsa ba, ni ma ban yi tayi ba.

Ƙanwarsa kawai Alhaji ke kira yanzu. Huraira ta ba ni labarin kiran da ya yi a watan jiya. Bayan an gama tambayar yara da sanyi, sai ya ce, "Mutumin naki yana nan?"

"Ya tafi harbi, Yaya."

"Har yanzu da wancan hannun?"

"Da nasa dai," in ji ta. "Akwai saƙo ne?"

Ya ce babu.